Abin da Mahauci Ba Ya Gani: Karatun Histoloji da Yaran Zango

Duk wanda ya tashi a zangon Sokode ko na Dapaong ya san mahautanmu. Mahauci kan dubi hanta sau ɗaya ya ce lafiyayya ce ko mai ciwo. To amma inda idonsa ya tsaya, nan wani ilmi ya fara, wanda ake kira histoloji, wato nazarin ƙwayoyin halitta da sassan naman jiki a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ɗalibin likitanci yana haɗuwa da shi tun a shekarunsa na farko.

Ilmin ya daɗe. A 1665 Robert Hooke na Ingila ya hango ƙananan ɗakuna a ɓawon itace. A 1858 Rudolf Virchow na Jamus ya nuna cewa cuta tana farawa ne daga ƙwayar halitta. Yau ana koya wa ɗalibi cewa naman jiki iri 4 ne: mai rufe fata da hanji, mai haɗa sassa kamar ƙashi da jini, tsoka, da jijiyar ji. Daga waɗannan aka gina hanta, ƙoda da huhu.

Aikin yana kama da na marina. A tsoma ɗan nama a ruwan formalin don kada ya ruɓe, a daskarar da shi cikin kakin farafin, a yanka shi siriri ƙwarai, kauri kamar kashi 5 cikin 1000 na milimita. Sa'an nan a rina shi da launi biyu: tsakiyar ƙwaya ta yi shuɗi, sauran ya yi ja-ja. Da haka likita ke gane ko kumburin da aka ciro a nonon mace na daji ne ko ba na daji ba.

A nan maganar ta shafe mu. Shekaru da dama, naman da aka ciro a asibitocin arewa sai an kai shi babban asibitin Sylvanus Olympio a Lome kafin a duba. Daga Sokode tafiyar ta fi kilomita 300, daga Dapaong kuwa ta haura 600. Ga nisa, ga kuma tsoronmu: likita ya ce a yanki ɗan nama a auna, sai dangi su ɗauke marar lafiya a koma gida, ba a dawowa sai ciwo ya ci jiki.

Da, mai son likitanci sai ya tafi jami'ar Lome, wadda aka kafa a 1970. Jami'ar Kara ta buɗe a 2004, daga baya ta sami sashen kimiyyar lafiya, ga ta kuwa tsakanin garuruwan nan biyu. Uzurin nisa ya ragu. Abin da ya rage shi ne mu bar yaro, mace ko namiji, ya kai ga jarrabawar bak a fannin kimiyya, kada mu janye shi zuwa kasuwa yana tsakiyar karatu.

Kakanninmu sun ratsa Sokode da jakunan goro a hanyar Gwanja. Jikokinsu ba za su kasa zaman duba madubi ba. Ranar da tsohuwa za ta ji sakamakon awonta da Hausa daga bakin ɗan zango, tsoron nan zai ragu. Allah ya nuna mana.