Mai Bulubari A Tukunya, Lura Da Laimar Iska

Jama'a manoma, da 'yan kasuwa, da malaman ofis masu ɗan lambu a bayan ɗaki, yau za mu yi magana a kan wani baƙon itace wanda ake kira bulubari. Masu shiga manyan kantuna watakila sun ga 'ya'yansa cikin 'yan ƙananan robobi, ga ɗan karen tsada. Girmansu bai wuce na magarya ba, launinsu kuwa kamar ɗinya nunanniya ce aka tsoma a shuni.

Asalinsa daga dazuzzukan Amurka ta Arewa ne. An daɗe ba a iya nomansa ba, sai da wani masanin tsiro, Frederick Coville, ya gano ba ya yi sai a ƙasa mai tsami. Ya gama kai da Elizabeth White, 'yar wani manomi a Jihar New Jersey, suka kai amfanin farko kasuwa a 1916. Yanzu ana nomansa har a Maroko da Afirka ta Kudu da Peru. Da yake ba ya tsawo ƙwarai, mutane da yawa a can sukan dasa shi cikin tukunya a gida. To, a nan ne iska takan cuce su.

Ga yadda abin yake. Iska tana ɗauke da ruwa wanda ido ba ya gani, shi ake ce wa laima, ana kuwa auna ta da kashi cikin ɗari. Iska mai zafi ta fi mai sanyi cin ruwa. In zafi ya ƙaru da digiri 11, abin da za ta iya ɗauka yakan kusan ninka biyu. Don haka Ba'amurken da ya ji tausayin itacensa lokacin ɗari, ya shigar da shi ɗaki ya kunna na'urar ɗumi, sai laima ta faɗi ƙasa da kashi 30, gefen ganye ya kama ƙonewa. Dalili shi ne saiwoyin bulubari sirara ne kamar zare, ba sa nitsewa ƙasa sosai, kuma ba su da 'yan gasun nan da saiwar sauran tsirrai ke tsotson ruwa da su. Watau busasshiyar iska tana zuƙe ruwan ganye da sauri fiye da yadda saiwa za ta iya mayarwa.

Abin da na'ura ke yi wa ɗakinsa, mu hunturu ke yi mana kyauta. A Kano da rana tsaka cikin watan Janairu laima takan sauka ƙasa da kashi 20, a Agusta kuwa da safe takan haye 80. Shi kuwa itacen nan ya fi jin daɗi a tsakani, kamar kashi 50 zuwa 70. Wanda ke son gwada shi a wajenmu, in ba ya da ma'aunin laima, ya duba gidansa. In leɓe na tsagewa, wanki na bushewa nan da nan, iska ta bushe. In gishiri ya dunƙule, ashana ta ƙi kamawa, laima ta yi yawa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne, da an ga ganye na ƙonewa sai a riƙa fesa masa ruwa safe da yamma. Wannan wahalar banza ce. Kafin ka ajiye buta iska ta kwashe ruwan, in kuma da maraice ka fesa, ganye ya kwana a jiƙe, ka kira cuta da hannunka. Wani kuma sai ya cika tukunya da ruwa har ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Maganin hunturu daga gindi ake yinsa. A riƙa ba da ruwa kaɗan-kaɗan, ƙasa ta zauna da danshi, ba caɓi ba. A shimfiɗa garin katako ko ɓuntun shinkafa kaurin inci biyu ko uku a kan ƙasar tukunya. A kafa zana ta gefen gabas da arewa inda iskar ke fitowa, a tara tukwanen wuri guda, gama tururin da ganyen wannan ya fitar yakan taimaki na kusa da shi. Amma fa kada wanda ya zuba masa toka yadda muka saba yi wa sauran shuki, toka tana kashe tsamin ƙasa. Ruwan rijiya mai kanwa-kanwa ma haka yake yi, ruwan sama ya fi.

Da damina ta kama sai a juya aikin. A kwance zanar, a raba tukwane da tazarar ƙafa biyu ko uku, a ɗora su bisa bulo don ruwa ya tsiyaye. A rage rassan da suka cushe a tsakiya don iska ta ratsa. Abin tsoro a nan shi ne wata fumfuna mai launin toka, wadda ke kama fure in ya daɗe a jiƙe. Fure ya yi ja-ja ya bushe, ka ga ke nan babu 'ya'ya a wannan shekara. A ganina wannan ta fi hunturu ɓarna, gama ganye in ya ƙone yakan sake toho, amma furen da ya mutu sai baɗi. Duk reshen da ya kamu a yanke shi a kai nesa, kuma kada a tsinki 'ya'ya sai raɓa ta bushe.

Kafin mutum ya zuba kuɗinsa, ya sani dashen nan yakan yi shekara biyu ko uku kafin ya ba da abin kirki. Irin da ake nomawa a arewacin Amurka yana bukatar wajen awa 800 ko fiye na sanyi ƙasa da digiri 7 kafin ya yi fure, ba mu kuwa da wannan sanyi. A tambayi mai sayar da dashe irin ƙasashen zafi, kamar Biloxi wanda aka noma da yawa a Peru. Mutanen tudun Jos da na Mambila su suka fi kusa da dacewa, mu na ƙasa-ƙasa kuwa a fara da tukunya biyu tukuna.