Yadda Masu Rubuta Manhaja Suke Tura Aikinsu Zuwa Rumbun Nesa

Manhajar Linux, wadda a kanta aka gina wayoyin Android, ba mutum ɗaya ne yake rubuta ta ba. Dubban mutane ne a ƙasashe daban-daban, kowa a gaban tasa na'ura mai ƙwaƙwalwa, wannan yana gyara, wancan yana ƙari, galibinsu ma ba su taɓa ganin juna ba. To, yaya ake haɗa aikin jama'a mai yawa haka ba tare da wani ya shafe na wani ba?

Linus Torvalds, mutumin ƙasar Finlan wanda ya fara Linux a 1991, ya sha fama da wannan tambaya. Tun daga 2002 shi da abokan aikinsa suna amfani da wata manhaja mai suna BitKeeper wajen adana tarihin gyare-gyarensu. Da aka janye musu izinin amfani da ita kyauta a 2005, sai ya zauna a watan Afrilu na wannan shekara ya rubuta tasa, ya sa mata suna Git. Cikin watan Yuli ya miƙa kula da ita ga Junio Hamano.

A tsarin Git kowane ma'aikaci yana da cikakken rumbu a cikin na'urarsa, wato aikin duka tare da tarihinsa tun daga farko. Idan ya yi gyara ya gamsu da shi, sai ya ba da umarnin git commit, a adana masa shi a matsayin ajiya ɗaya. Kowace ajiya tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 40, kuma tana ambaton ajiyar da ta gabace ta, kamar yadda ake jero nasaba: wane ɗan wane, ɗan wane. Jerin da aka samu ta haka shi ake kira reshe, sunan reshen kuwa alama ce kawai da ke nuna ajiya ta ƙarshe.

A nan ne sababbin ɗalibai suka fi ruɗuwa. Ajiya ba ta zuwa ko'ina. Tana nan cikin na'urar mai ita. Wannan yana da daɗinsa, domin mutum zai iya yin aikin kwana da kwanaki ba tare da intanet ba. Amma idan na'urar ta lalace ko aka sace ta kafin a tura aikin, shi ke nan, ya tafi.

Saboda haka ake buɗe wani rumbu a nesa, a kan babbar na'urar da kowa zai iya kaiwa gare ta, kamar ta GitHub da aka kafa a 2008. Git kan yi wa wannan rumbu laƙabi da origin. Idan aka ba da umarnin git push, da farko rumbun nesa zai tabbatar da ko wane ne mai aikowa, ta hanyar mabuɗin sirri. Daga nan Git zai bincika inda reshen can ya tsaya, ya tattara abin da babu shi a can kaɗai, ya dunƙule shi ya aika. Shi ya sa gyaran layi biyu ba ya cin kuɗin intanet mai yawa, kome girman aikin. A ƙarshe sai ya roƙi a matsar da alamar reshen zuwa sabuwar ajiya.

Wannan roƙo ba kullum ake amsa shi ba. Alal misali, ɗalibai biyu sun ɗauki aiki yana kan ajiya ta 10. Na farko ya ɗora tasa ya tura da safe. Da yamma na biyu ya zo da tasa, wadda ita ma kai tsaye a kan ta 10 aka ɗora ta, ba ta san da ta safe ba. Idan aka matsar da alama zuwa gare ta, aikin ɗalibi na farko ya fita daga nasabar reshen ke nan. Don haka Git zai ƙi. Ƙa'idarsa ita ce tarihi ya ci gaba daga inda ya tsaya. Abin da ya kamaci na biyu shi ne ya fara jawo abin da ke can da umarnin git pull, ya haɗa shi da nasa, idan sun taɓa layi ɗaya ya zauna ya zaɓi wanda zai tsaya, sa'an nan ya sake turawa. Ɗalibi yakan ji haushin wannan ƙi, alhali kuwa shi ne mafi amfanin abin da Git yake yi masa.

Akwai hanyar tilastawa, wato a ƙara kalmar --force a kan umarnin. Ma'anarta a ajiye tarihin mai aikowa a madadin na can, ko da me ke ciki. Tana da amfani ga wanda yake gyara reshen da shi kaɗai ke aiki a kai, amma a reshen jama'a ɓarna ce. A watan Nuwamba na 2013 wani daga cikin masu aikin manhajar Jenkins ya yi irin wannan tilas bisa kuskure a kan rumbuna fiye da 150, rassansu suka koma baya zuwa tsohon matsayi. An dawo da aikin da taimakon ma'aikatan GitHub, domin ajiyar da ta fita daga reshe ba nan take ake share ta ba, kuma sauran ma'aikata suna da kofensu a hannu.

Git yana da wata tilastawa mai sauƙi, --force-with-lease, wadda takan fasa idan ta tarar wani ya taɓa reshen tun bayan ganin ƙarshe da mai aikowa ya yi masa. Tun daga 2015 kuma GitHub ya ba masu rumbu damar kulle babban reshensu, ta yadda ba mai iya tilasta masa kome, daga baya kuma aka ƙara cewa in sun so, gyara ba zai shiga ba sai wani abokin aiki ya duba ya amince.