Kamfani Ko Dillaliya: Wa Zai Kawo Mana Mai Raino?

Tun da Shugaba Tinubu ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a ƙarshen watan Yulin 2024, wata magana ta Shugaban Majalisar Dattawa, Godswill Akpabio, ta ƙi kwanciya a bakin mata ma'aikata: wai ko mai jego ce ta ɗauki 'yar aiki, ba ta da ikon biyan ta ƙasa da haka. Da yawa suka tsorata da kamfanonin da ke samar da masu raino a Abuja, Kaduna da Kano, don a ganinsu kamfani zai bi doka ya tsawwala kuɗi, gara a aika ƙauye. An tsorata a banza. Dokar albashi ta 2019 ta keɓe duk wurin aikin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, gyaran 2024 kuwa adadin kuɗin ya taɓa, da wa'adin sake duba shi, daga shekara 5 zuwa 3. Gidan Hajiya mai 'yar aiki ɗaya ba ya ciki. Dokar da ta shafi gidan nata daban take, kuma ita ce ba a zancenta.

Abin da kamfani ke sayarwa ba wani sirri ba ne. Zai karɓi lambar NIN ta mai neman aiki, ya nemi mutum biyu da za su tsaya mata, ya kai ta gwajin tarin fuka da ciwon hanta, in ba ku daidaita ba ya canza miki wata. Wannan ya fi tsintar mutum a intanet. Mutanen Legas ba su manta da watan Afrilun 2015 ba, lokacin da wata mai raino da aka samo ta shafin OLX ta yi awon gaba da yara uku 'yan gida ɗaya a Surulere, washegarin fara aikinta. Sai dai takardar rajistar CAC da ake liƙa wa a bangon ofis shaidar sunan kasuwanci ce kawai. Izinin samar wa mutane ma'aikata lasisi ne na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Ki ce a nuna miki shi. Wanda duk ofishinsa shafin Instagram ne da lambar waya, dillali ne da ya iya Turanci.

Mu Hausawa kuwa ba yau muka fara da "kamfani" ba. Namu yana sanye da hijabi, yana sauka a tashar mota da yara mata huɗu ko biyar a bayansa, kowacce da ƙullin kayanta a leda. Dillaliyar 'yan aikatau kenan. Ta san iyayen yarinya, ta san uwar ɗaki, ita ce shaida, ita ce banki. A yawancin cinikin, albashin watan farko nata ne la'ada. Sauran watannin ma sau da yawa hannunta ake damƙawa, ta kai wa uwar yarinya a tara kuɗin kayan ɗaki, ita kuwa mai wanke kashin jariri ba ta ma san nawa aka yi cinikinta ba. Da yake a sabon gida ake samun sabuwar la'ada, ribar dillaliya tana cikin rashin zaman yarinya. Daga nan ake samun wayar nan da kowace uwar gida ta sani: "Hajiya, an ce kakarta ba lafiya, ta zo gida." Bayan mako biyu sai a gan ta a wata unguwa da goyon wani yaron.

Ana yawan kare wannan harka da cewa al'ada ce, riƙo ne irin na da. A nan nake so mu tsaya. Riƙo a ƙasar Hausa amana ce tsakanin dangi. Yaro ya isa yaye a kai shi wurin kaka. Gwaggo da ba ta samu haihuwa ba a ba ta 'ya, ta raine ta, ta yi mata aure, ta yi mata gara. Wanda ya karanta tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta aka buga a 1954, zai ga macen da ba ta haifi ko ɗaya ba amma ta raini 'ya'yan riƙo suna kiran ta uwa. A riƙo, babba ne ke ɗaukar nauyin yaro. A aikatau, yarinya ce ke ɗaukar nauyin manya biyu, iyayenta da dillaliya, da jariri a baya. In za mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan ya fi kusa da wani gadon da ba mu son tunawa, na kuyangin da suka yi raino a manyan gidaje kafin a soke bauta gaba ɗaya a Arewa a 1936.

Addini ma bai bar mu a duhu ba. Matan Banu Sa'ad sukan shigo Makka neman jariran da za su shayar a biya su, ta haka Halimatu Sa'adiyya ta ɗauki Manzon Allah (SAW). Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta halatta a nema wa ɗa mai shayarwa, da sharaɗin a miƙa ladan da aka yi alkawari bisa kyautatawa. Balagaggiyar mace ce, ladanta sananne, kuma shari'a ta ɗaga ta zuwa matsayin uwa har aure ya haramta tsakaninta da yaron. Mu kuma mai goya mana ɗa tabarmarta a kicin take, abincinta ƙanzo, sunanta "ke".

Ga dokar da na ce ba a zancenta. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiwatarwa, ta ce duk wanda ya ɗauki yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, ko ya yi safararsa, ko ya ba da hayarsa, hukuncinsa ɗaurin wata 6 zuwa shekara 7. Ba dillaliya kaɗai ba, har mai gidan da ya karɓa. Mutum ya zaga unguwarsu da ƙarfe goma na safe, lokacin da sa'o'insu ke aji, ya ƙirga 'yan matan da ke shanya kayan jarirai.

To a je kamfanin? In mai lasisi ne, ni ina ganin a je, musamman ga wadda za ta fita aiki ta bar jariri awa takwas. Amma a tambaye su abu biyu kafin a biya ko sisi: shekarun mai rainon nawa, kuma asusun wa albashinta zai shiga. Nijeriya ta amince da yarjejeniya ta 181 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya a 2023, wadda a ƙa'idarta kamfani ba zai caji mai neman aiki kuɗi ba. Kamfanin da ke karɓar kuɗin wata daga hannunki ya yanki rabonsa kafin ya ba ta saura, sana'ar tasha yake yi a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Wadda kuma ba ta da ƙarfin kamfani, akwai dattijai da zawarawa a unguwa masu neman aikin wuni, waɗanda mai unguwa da liman suka san gidajensu. A rubuta yarjejeniya, a sa ranar hutu, a biya ta a hannunta.

Yarjejeniya ta 189 ta wannan ƙungiya, ta 2011, wadda ta keɓanta da ma'aikatan gida, har yanzu Nijeriya ba ta amince da ita ba. Sanatocin da suka iya yi wa masu jego lissafin albashi, su fara da wannan. Ma'aikatar Ƙwadago kuma ta buga jerin kamfanoni masu lasisi jiha-jiha, a karanta shi da Hausa a gidajen rediyo.