Kafin Ku Sake Wa Motar Ƙungiya Inji

'Yan'uwa manoma, kaka ta kusa. Ƙungiyar da motarta ta kwanta a wannan lokaci, hatsinta zai zauna a ƙauye har 'yan baranda su zo su saye da araha. Da yawa cikin ƙungiyoyinmu sun tambaye mu ko gara su sake wa tsohuwar babbar motarsu inji. Saboda haka muka shiga birnin Kano, kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake sayar da kayan gyaran mota, muka duba da idonmu.

Injuna uku ne suka fi dacewa da irin motocinmu, duk na gas ne masu silinda 6. Akwai Bedford 330, mai lita 5.4. Shi ya fi saurin zama a jikin Bedford, amma kamfanin ya bar ƙera manyan motoci a Ingila tun 1986, kayansa kuwa suna ta ƙaranci. Akwai Perkins 6.354, mai lita 5.8, wanda aka sa wa waɗansu taraktocin Massey Ferguson, don haka bakaniken tarakta ya san cikinsa. Na uku shi ne OM352 na Marsandi 911, mai lita 5.7. Irin motocin nan an yi ta haɗa su a ANAMMCO ta Inugu tun farkon shekarun 1980, shi ya sa har yau ba a rasa kayansu.

Shawararmu ita ce, kada ku bi ƙarfin inji kaɗai. Injin da ya fi daɗewa shi ne wanda za a sami fistin da zobe da nozul nasa ranar da ya tsaya, kuma bakaniken garinku ya iya kwance shi.

In motarku mai fetur ce kuna so ku mai da ita ta gas, ku lura da abu huɗu. Na ɗaya birki: injin fetur yana zuƙar iskar da ke taimakon birki, na gas ba ya yi, sai an ƙara famfo. Wanda ya manta da wannan ya sa rayukan mutane a hatsari. Na biyu, injin gas ya fi nauyi, sai a ƙarfafa sifirin na gaba. Na uku, a tabbata bakin giya da kuloci sun hau daidai, ba da walda ta dole ba. Na huɗu, lagireto ya isa, gama zafin bazara ba ya ragowa.

Ranar saye ku tafi da bakanikenku da sassafe, a ta da injin yana sanyi. Shuɗin hayaƙi alama ce yana cin baƙin mai. In man ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga, ku bar shi komai araharsa. Araha ba ta ado. Ku karɓi rasit mai lambar inji, ku kai ofishin lasin a gyara takardu.

Bayan an ɗora, sauran aikin naku ne. Ƙurar hunturu tana cinye inji fiye da tsufa. A riƙa share matacin iska, a juye mai a kan kari, kada a yi lodi fiye da kima. Ma'aji kuma ya ware kuɗin gyara daga kowace tafiya, tun motar tana da lafiya.