Harshen Gargaɗi a Shirin Ko-ta-kwana: Waiwaye kan Gobarar Majiya daga Ƙasar Kazaure

A daren Talata, 15 ga Oktoba, 2024, wata tankar man fetur da ta taso daga Kano ta kife a garin Majiya, cikin ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa. Mai ya malala a magudanun ruwa, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki suna kwasa, can wuta ta tashi ta hallaka fiye da mutum 150. Abin lura shi ne, gobarar ba ta tashi nan take ba. An sami tazara tsakanin faɗuwar motar da kamawar wutar, kuma a irin wannan tazara ce ake gane ko gari yana da shiri.

Tunanin ɗora wannan shiri a wuyan al'umma ya ƙarfafa ne bayan bala'in Bhopal na ƙasar Indiya a Disambar 1984, inda iskar guba daga masana'antar Union Carbide ta kashe dubban mutane. A 1986 Amurka ta yi dokar da ta kafa kwamitocin yanki, ta kuma ba mazauna haƙƙin sanin sinadaran da aka ajiye kusa da su. A Nijeriya an kafa hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, a 1999, tsarin kuma ya tanadi takwarorinta a jihohi da kwamitoci a ƙananan hukumomi.

Barazanar da ke gaban Achilafiya da Roni da Gwiwa da Babura ta yau da kullum ce: tankokin da ke bin hanyar Kano zuwa Daura ta Kazaure, da man 'yan bumburutu, da shagunan maganin feshi a ranar kasuwa. Kafin agaji ya iso daga Dutse, mai unguwa da liman da 'yan tasha ne a wurin, kuma da Hausa za su yi magana.

A nan ne manazarcin harshe yake da ta cewa. Kalmar “sinadari” ba ta tsorata Bahaushe, domin a wurinsa abu ne da ke ƙara wa miya armashi. “Magani” ta fi rikitarwa: da ita ake kiran abin da ke warkar da yaro, da ita kuma ake kiran fiya-fiya da maganin ciyawa, waɗanda guba ne. Sai kuma abin da ido ba ya gani. Mai kwasar fetur ruwan yake kallo, alhali abin da ke kamawa da wuta tururinsa ne, wanda ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa yana taruwa a kwatami, har tartsatsi ɗaya daga nesa ya ishe shi. “Tururi” kuwa a kunnen mai sauraro abu ne mai zafi da ke tashi sama daga tukunya. Fassarar da ta tsaya kan wannan kalma ta juya gaskiyar haɗarin ke nan. A ganina “warin mai” ya fi dacewa da shela: duk inda hanci ya ji warin, wuta tana iya isa can.

Ba a musun cewa tsadar mai tun bayan cire tallafi a Mayun 2023 tana cikin abin da ya ja mutane bakin motar, kuma kalma ba ta maganin talauci. Sai dai gargaɗin da ya fito daga bakin dagaci ko lasifikar masallaci yana da nauyin da na baƙo ba shi da shi. Abin da kwamitin ƙaramar hukuma yake buƙata daga sassan Hausa na jami'o'i bai wuce jimloli kaɗan ba, a boko da ajami, waɗanda aka gwada a kan manoma da matan aure da almajirai: a kashe wuta da injin babur, a nufi wajen da iska take fitowa, a hau tudu, kada a bi kwari.