Wuta Ba Ta Kashe Dafin Masara Mai Fumfuna

"Ai wuta tana kashe komai." Daga Gidan Rumji har Agye da Gazawa, wannan ce amsar da ake bayarwa in aka nuna wa mutum masarar da ta yi kore-kore tana warin ruma. A wanke, a shanya, a kai inji, da dare a tuƙa tuwo, yara su zagaye kwano. Wallahi na gaji da jin wannan magana.

Fumfunar da ke kama masara da gyaɗa tana fitar da wani dafi mai suna aflatoksin. Tafasa tana kashe ita fumfunar, amma dafin da ta riga ta zuba cikin tsaba yana nan daram. Ruwa yana tafasa a maki 100, shi kuwa dafin yana jure zafin da ya ninka haka. Wace tukunya ce a gidajenmu za ta iya da shi? Wanki ma saman tsaba kaɗai yake gogewa. Kuma dafin ba shi da ɗaci ko wari, tuwo zai yi fari tas, a ci har a nemi ƙari.

Wasu kan ce, "Kakanninmu sun ci, me ya same su?" Da ciwon hanta ya kwantar da su, wa ya auna? Sai dai a ce sammu ne. Ba a gano dafin ba sai bayan 1960, lokacin da talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da gurɓatacciyar gyaɗa. A 2004, a gabashin Kenya, mutum 317 suka kwanta bayan cin masarar da suka noma da hannunsu, 125 suka rasu. Wannan na masu ci da yawa ne a lokaci guda. Namu ya fi zama na kaɗan-kaɗan, shekara da shekaru, wanda ke kaiwa ga sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Binciken da aka yi a Benin da Togo ma ya danganta shi da tsumburewar yara. Kada kuma a ce za a zuba wa akuya ko saniya, domin dafin yana biyowa ta nono ya dawo cikin fura.

Danshi ne uwar matsalar. A Turai da Amurka da inji ake busar da masara, ta daɗe ba ta lalace ba. Mu ba mu da wannan inji, amma rana ba ta taɓa yi mana rowa ba. A shanya a kan tamfol ko tabarma, ban da ƙasa tsirara, a kwashe kafin raɓa ta sauka. A tsince duk tsabar da ta canza launi ko ƙwaro ya huda, a binne ko a ƙone. Kafin a ɗure a buhu, a zuba tsaba kaɗan da busasshen gishiri cikin busasshiyar kwalba, a rufe a girgiza. In gishirin ya manne a jikin kwalbar, a mayar da ita rana.

Tun 2007 Jami'ar Purdue ta Amurka da cibiyar binciken noma ta INRAN a Maraɗi suka yaɗa buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhu a waje. Don wake aka fara yin sa, amma yana riƙe masara da hatsi. Kowace leda a matse iskarta a ɗaure ta daban, ƙwari su shaƙe su mutu ba tare da magani ba. Sai dai wanda ya rufe masara mai danshi a ciki ya yi asarar buhu da masara duka. A ɗora buhunan kan katako, nesa da bango. Ƙwayar Phostoxin ta kashe ƙwari kuwa, kada ta kusanci ɗakin da ake kwana.

Da yake mafi yawan masarar da muke ci ta kasuwa ce, wani kaso ma daga Najeriya da Benin, kafin mai awo ya cika maka tiya, zura hannu can ƙasan buhu, ka ɗebo ka sansana, ka ciji ƙwaya guda. Busasshiya takan fashe da ƙara a haƙori. Wadda ta lanƙwashe shiru, bar masa kayansa ko da ya rage kuɗi.