A Duba Gida Kafin Gobara Ta Zo

A watan Maris na 2016 gobara ta cinye shaguna masu yawa a Babbar Kasuwar Birnin Kebbi. Mutane da dama suka yi asarar dukiya a rana ɗaya. Abin da ya sami kasuwa yana iya samun gida.

Gidan gandu da gidan haya sun fi shiga haɗari. Kowa yana kula da ɗakinsa. Amma zaure da tsakar gida da madafa da wayar lantarki na kowa da kowa ne. Saboda haka sau da yawa ba wanda ke dubawa. Ga shi kuwa iskar hunturu tana busar da kara da zana, wuta kaɗan sai ta zama babba.

Me za a duba?

1. Murhu. Kada ya kasance kusa da danga ko rumbu. A Argungu da kewaye ana bandar kifi, ana dafa shinkafa kafin a sussuka. Wannan wuta tana daɗewa tana ci.
2. Man fetur. Manoman fadama kan ajiye jarkar man injin ban ruwa a gida. A nesanta ta da wuta da yara.
3. Wayar lantarki. A nemi wadda ta tsufa ko ta zare.
4. Hanyar fita. Kada a cika zaure da harawa ko babur.

Wa zai duba?

Mai gida ya tara mazauna gidan su shawarta. Ya je ofishin 'yan kwana-kwana ya roƙi a turo jami'i ya zagaya gidan. Waya kuwa aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne. Idan gari na nesa, mai unguwa na iya haɗa gidaje da yawa a duba su rana ɗaya. Haka kuɗin mota zai ragu.

Nawa za a kashe?

A tambayi kuɗin aiki tun kafin a fara. A ji farashin mutum biyu ko uku. A raba lissafi gida uku: ladan dubawa, kuɗin kaya, da ladan gyara. A rubuta, a kuma karɓi rasit.

Ga misali. Idan duka aikin ya kama Naira 30,000, gidan kuma yana da iyali 6, kowane iyali zai ba da Naira 5,000. A gidan haya, a daidaita da mai gida tun farko kan abin da zai ɗauka.

Wasu gyare-gyaren ba sa cin ko kwabo. Matsar da kara nesa da murhu kyauta ne. Haka ma ajiye bokitin yashi a zaure, domin wutar fetur da yashi ake kashe ta, ruwa yaɗa ta yake yi.

A yi wannan aiki kowace shekara bayan kaka, kafin hunturu ya kankama. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya kiyaye mu, amin.